Bindigar da Na Zaɓa wa Kakanku

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa muku a kaina, na kuma daɗe ina yin shiru. An ce muku ni Kalla maƙeri na dawo daga soja da girman kai, na tsinka surukina, kakanku Nomau Sarkin Baka, a gaban mutane saboda bindiga. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta yi tsawon rai. Yanzu da gwiwa ta raba ni da maƙera, hannuna kuwa bai manta da ɗan bokon da aka koya mana a bariki ba, bari in rubuta muku ɗaya rabin. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga ni tafiya, har uwarku Tabawa, Allah ya ji ƙanta.

Shekara ta huɗu ce da dawowata daga yaƙin Turawa. A lokacin kowa a Madarunfa gyaɗa yake nomawa ban da hatsi, domin da ita ake biyan haraji, da ita ake ɗinka riga. Gonakinmu suna can gefen daji ta hanyar Gabi, a wannan shekara kuwa gadu suka gano mu. Ku da kuka taso bayan an share dajin ba ku san ɓarnar gadu ba. Da hantsi za su fito garke guda, su durƙusa a kan gwiwa kamar masu neman gafara, su bi kunya suna tone ta da haure. Gonar da mutum ya yi wata uku yana wahala a kanta, kafin azahar ta zama kamar an yi sukuwa a ciki. Akwai wani ƙaton namiji a cikinsu mai haure ɗaya karyayye, ya farke karnukan kakanku biyu a mako guda. Maharba suna da bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki, amma sai ka matso dab kafin ta yi aiki, gadu kuwa sun koyi nisanta fiye da masu ita. Sukan tsaya inda harbin ba ya kaiwa, su ɗaga wutsiya suna kallon mutum.

Sai sarki ya kai kuka wurin kumandan, Baturen mulki, aka yarda a ba Sarkin Baka farmi, wato takardar izinin riƙe bindigar Turawa mai harsashi, wadda mutanenmu ke ce wa mai sakata saboda ƙarfen da ake ja a mayar a gefenta. Ku riƙe wannan da kyau: takarda ɗaya ce, ta mutum ɗaya, ta bindiga ɗaya. Lambar da ke jikin bindigar ita ake rubutawa a takardar, in aka buga hatimi shi ke nan, ba a sakewa. In ka sayi ta banza, ka zauna da ta banza. Kakanku ya sayar da bijimansa biyu don wannan ciniki, gari duka kuma ya zuba masa ido.

Dole in gaya muku yadda nake da shi, domin ku 'yan yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna shan shayi. Shekara uku da auren uwarku, ban taɓa kallon fuskar mutumin nan ba. Na fi sanin ƙafafunsa da fuskarsa. In na hango shi a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in tsuguna har ya wuce. Ba na cin abinci inda yake, ba na kama sunansa, shi ma ba ya kama nawa, "maƙeri" yake ce mini, shi ma ta bakin wani. Duk maganar da ke tsakaninmu uwarku ce ke kai ta, ta kawo. Kuma ina son mutumin, ku sani. Duk ran da ya dawo farauta, sai ga cinyar gada ko ta barewa an aiko gidana a rufe da ganye. Don haka da Tabawa ta shigo maƙera ran wata Alhamis, na san daga bakin wa take tafe.

"Baba ya ce gobe maƙeri shi biyo su Maraɗi."

"In yi mi?"

"Ka ɗauko kaya mana. Ko ka zaci shawara za a yi da kai?"

Ta yi dariya ta fita. Ni kuwa na ji zafin abin, domin in akwai mai sanin bindigar Turawa tsakanin Safo da Gabi, ni ne. Shekara huɗu na yi a ɗakin makamai, saboda an ga ni ɗan maƙera ne. Akwai wani sarzan mai saurin hannu da ya koya mini aikin, rabi da baki rabi da mari. Bindigar da ta bi ta hannuna ban san yawanta ba. Amma a gida ni ɗaukar kaya aka kira ni, na kuma amsa.

Mai sayarwar wani Bature ne mai awon gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Bai fito ba, ya bar cinikin a hannun kukunsa, wani dattijo mai fara'a sunansa Barmo. Muka zauna a bayan gidan ƙarƙashin itacen bedi, kakanku da maharba biyar, ni kuma can baya kusa da jakuna. Barmo ya shimfiɗa tabarma ya fito da bindiga biyu, duka tsofaffi, duka harsashi iri ɗaya suke ci. Ta farko doguwa ce, itacenta ya sha zane, ga ɗan farin ƙarfe a gindinta, hancinta yana walƙiya har ka ga fuskarka. Ta biyun gajeriya ce baƙa, ta daskare da wani kitse mai wari, itacenta ya tsage a gefe. Maharba ko kallonta ba su yi ba. Wani ya ce wannan ai sai a ba mata su tuƙa tuwo.

Barmo ya shafa doguwar ya ce, "Shekara goma ina kiwon wagga. Kowace Juma'a sai na wanke ta da toka da rairayi, ciki da waje. Tsumma nika naɗewa ga sanda in cusa in yi ta gurzawa, har sai ta yi ƙal."

Maharba suka gyaɗa kai, domin haka suke yi wa bindigar toka, ita kuwa ba ruwanta, cikinta sumul yake tun asali. Mai sakata ba haka take ba. A cikin hancinta akwai wasu tsagogi da aka murɗa tun daga gindi har baki, su ne ke juya harsashi ya tafi a miƙe. In rairayi ya cinye su, to, bindiga ta zama bututu mai ƙara, harsashi zai fita ya tafi inda ya ga dama. Barmo ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya yi shekara goma yana kashe bindigar maigidansa.

Bature ya yarda a gwada harsashi ɗaya tak. Na ce a raina yanzu za a kafa ƙwarya a nesa, gaskiya ta fito da kanta ba sai na yi magana ba. Ina! Kakanku ya karɓi doguwar, ya ɗaga bakinta sama, ya ja kunama. Haka maharbanmu ke gwada bindiga tun kaka da kakanni, da kunne. Ƙarar ta tashi tsuntsayen unguwar duka, jakuna suka nemi tsinkewa.

"Kun ji murya?" in ji shi. "Wagga ita ta bindiga."

Aka shiga ciniki. Barmo ya ce albarka sau biyu, kakanku ya ƙara, na ga bakin Barmo ya fara shirin cewa ya sallama. Da ya faɗi kalmar nan an gama, gobe lamba ta hau takarda. Na duba hagu da dama, babu wanda zan raɗa wa ya kai, uwarku tana Madarunfa. Na tuna bijiman nan biyu, na tuna gonaki. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba, a dakata."

Wani maharbi ya ce, "Kai maƙeri, lahiya?" Ban kula shi ba. Na durƙusa a kan tabarma, na zare sakatar doguwar, na sa ɗan farin ƙyalle a gindin hancin don ya kama haske, na leƙa ta baki. Sumul, kamar cikin kara. Na duba lambar sakata da ta jikin bindigar, ba ma ɗaya ba ce, an taɓa musanya ta. Na goge kitsen gajeriyar na yi mata haka nan. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin cikinta, tsagogin nan a murɗe, kaifi kamar jiya aka yanke su, lamba kuma ɗaya daga kai har gindi. Kitsen da suke ƙyama shi ya tsare ta. Na roƙi Barmo harsashi, ba don harbi ba, na juya kansa na sa a bakin doguwar. Ya shige zuruf har wuya. Na sa a bakin gajeriyar, ya tsaya a rabi, ta ƙi haɗiye shi. Da na tsaya a nan, da an ce maƙeri ya yi rashin kunya kaɗan, an manta. Amma daɗin sani ya ɗebe ni. Na ɗauki doguwar na miƙa wa kakanku, na ɗago kai na kalli fuskarsa, karo na farko a rayuwata.

"Baba, diba da idonka. Babu komi ciki."

Ya karɓa ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Ya karɓi gajeriyar ya leƙa, ita ma ya daɗe. Bai ce ga bambanci ba, bai ce babu ba. Ya aje su biyun a hankali, ya juya ga Barmo.

"A ba mu wadda yaron ga ya zaɓa. Ashe mu munka zo ɗaukar kaya."

Gajeriyar ta fi araha nesa, har aka dawo da canji mai yawa, abin da ya sa wasu suka ce rowa ce ta sa na zaɓe ta, kamar kuɗina ne. Washegari aka buga hatimi a biro, wato ofishin kumandan. Ni na ɗauko ta har Madarunfa a naɗe cikin tabarma, babu wanda ya ce mini uffan a hanya. Ina tafe ina jin daɗi a ƙasan raina, domin na san na yi daidai, ina kuma jin kunya kamar in nutse.

Kakanku ya tura bindigar ƙarƙashin gado, ba a sake ganinsa da ita ba. Cinyar nama ta daina zuwa gidana. In ya hango ni tsugune a hanya sai ya canja hanya. Damina ta sauka, gyaɗa ta yi yabanya, gadu suka dawo aikinsu, ni kuwa ba ni da ikon harba ta, domin ba sunana ne a takarda ba, in gardi, ɗan sandan kumandan, ya kama ni da ita sai gidan kaso. Mutane suka raba laifin biyu, amma rabona ya fi yawa. A majalisa ana cewa maƙeri ya sa an sayo muciya da kuɗin bijimai biyu, Sarkin Baka yana jin kunyar fita da ita. Masu kawo gyaran gatari da hauya suka ragu, wasu har Safo suke kai aikinsu. Wata rana na gaji, na ce wa uwarku ta je ta faɗa wa ubanta gaskiya ba ta da suruki, in yana shakka a kafa ƙwarya a gwada. Tana tankaɗe a lokacin. Ta aje rariya ta dube ni.

"Kai dai ka iya leƙen ƙarhe, ba ka iya leƙen mutum ba. Ka zaci don ka hi shi sani shika hushi?"

"To don mi?"

"Shekara biyu ke nan ni ka sa mai zare ga allura in za shi ɗinka burgame. Abin da ke nesa shina gani sarai, ko kurciya bisa rimi. Na kusa kau hazo na. Ka miƙa mai abu gaban yaranshi ka ce shi diba da idonshi. Mi kaka so shi ce? Shi ce ya gani, shi yi ƙarya? Ko shi ce bai gani ba, maharba su san idon Sarkin Baka ya tahi?"

Ta ƙara da cewa ya taɓa fito da bindigar sau ɗaya a bayan gida lokacin da yake zaton babu kowa, ya ɗora ta a kafaɗa, ya daɗe, ya mayar. Nan take na gane. Bindigar toka ba a auna ta da kyau, nuna ta ake yi kawai a saki, dalma ta watsu. Mai sakata kuwa sai ka haɗa wata 'yar siririyar tsaga da ke baya da wani ɗan tsini baƙi da ke kan hanci, sa'an nan ka ɗora su a kan dabba. Tsagar nan ba ta fi ƙaurin gashin wutsiyar doki ba. Na zaɓa wa mutum bindiga mafi kyau a ƙasar Maraɗi, na manta da idon da zai leƙa ta. Sanin da nake taƙama da shi ashe rabi ne. Na yi kwana biyu ba na jin daɗin abinci, a rana ta uku na ce wa uwarku ta san yadda za ta yi ta kawo mini bindigar.

Ran kasuwa, da kakanku ya fita, ta shigo da ita cikin daurin kara a kanta, tana tafe tana gaisawa da mutane kamar ba komai. Na rufe ƙofar maƙera. Na ɗauki ƙaramin magagarina na buɗe tsagar baya, kaɗan kaɗan, gefe da gefe daidai, domin in na ci gefe ɗaya fiye da ɗaya harbi zai karkace har abada. Na yanko ɗan jan ƙarfe daga wani tsohon munduwar uwarku, na mulmula shi kamar ƙwayar dawa, na liƙa shi a kan tsinin gaba a daidai tsawonsa na da, na goge shi har yana ɗaukar ido. Na ɗaure tsagewar itacen da ɗanyar fata. Sarzan ɗinmu da ya ga abin da na yi wa bindigar nan da ya kakkarya ni. A duk aikin da hannuna ya yi, daga garma har takobi, babu wanda nake alfahari da shi kamar na wannan yinin. Kafin la'asar ta koma ƙarƙashin gado. Uwarku ta bar bakin tabarmar a buɗe don a lura.

Kwana tara ba mu ji komai ba. A na goma, da hantsi, ina tsakiyar ƙira sai na ji ƙara daga wajen gonaki, guda ɗaya, siririya, ba irin rugugin bindigar toka ba. Na aje masaba. Ba a jima ba sai ga ta biyu. Kafin azahar labari ya cika gari: Sarkin Baka ya tsaya a wannan gefen fadama ya kayar da mai karyayyen haure a wancan gefen, nisan da sai da maharba suka auna da ƙafa suna salati. Kafin a cire gyaɗa a wannan shekara garken ya koma cikin daji, abin da ya rage a gonaki ya biya haraji har da saura. Doguwar kuwa, na ji wani attajiri ya saye ta yana harba ta sama ran salla. A wannan aikin ba ta da ta biyu, ban taɓa musun muryarta ba.

Bayan shekaru, da kakanku ya rasu aka mayar da takardar sunana, wani Bature mai tara tsofaffin bindigogi ya zo har gida da tafinta. Ya leƙa cikinta ya yi murmushi, ya duba lamba ya gyaɗa kai, sai ya ga tsagar da na buɗe da ɗan jan ƙarfen. Ya ɓata rai ya ce wani jahili ya lalata ta, darajarta ta ragu da rabi. Na ce wa tafinta ya gaya masa jahilin yana gaishe shi, kuma ba ta sayarwa ba ce. Na ba shi ruwa ya sha, na naɗe kayana.

Amma ba a nan nake so in tsaya ba. Ran da aka kashe gadun nan, da la'asar, ina zaune a maƙera sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Na duba ƙasa na ga ƙafafun da na sani. Na zame daga kan kujera na tsuguna, na sunkuyar da kai. Bai shigo ba, bai kuma dube ni ba. Ya sunkuya ya aje wani abu a kan dokin ƙofa, ya juya fuskarsa wajen zugazugi kamar da su yake magana.

"In an ga maƙerin garin ga, a gaya mai wanda ya sa ma bindiga ido ya iya aiki."

Na ce wa ƙasa, "Za a gaya mai, Baba."

Da takunsa ya yi nisa na ɗago. Karyayyen hauren ne, ga cinyar barewa a gefensa a rufe da ganye. Daga ranar har ya koma ga Allah ban sake kallon fuskarsa ba, shi ma bai sake canja hanya ba. Hauren nan shi ne wanda ke rataye a ɗakina, wanda kuke tambaya ko laya ce. Wanda ya ce muku na tsinka kakanku, ku ce masa haka ne, sau ɗaya, sa'an nan ku ciro hauren ku nuna masa.